Fentin Dubai a Ɗakin Uwa

Al Karama, Dubai
11 ga Janairu

Yaya Sa'a,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki, da gwiwar nan taki da ta fi gidan rediyo sanin ranar da sanyi zai sauko. Ni lafiya lau, sai ɗan hawan jini. Likita ya ce in rage gishiri. Na ce masa shekara goma sha tara ina cin abincin Karama, in aka cire gishirin ban san me zai saura ba.

Ranar Juma'a na kira ki, muka yi minti goma ina ihu, ke kina ta cewa in ɗaga murya, har maƙwabcina Bafilifine ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ga ko lafiya. Tunda kunnen ya yi nauyi, mu koma takarda kamar mutanen kirki. Sharfuddeen, ɗan kasuwar nan da ofishinmu na kago yake ɗora wa kaya a Deira, yana zuwa Kano duk wata. Ya ce zai riƙa kai miki har gida, ya karɓo amsa.

Ga labarina, ki yi dariyarki ki gama. Taubashinki ya zama ɗan sa-kai. Akwai wani gida a bakin ruwa, ƙetaren Deira, na wani attajirin lu'ulu'u da ya rasu tuntuni. An gyara shi, duk Asabar ana buɗe wa mutane su shiga su gani, kuma mu da muke tsaron ranar ba a biyan kowa. Ina hawa abra, ƙaramin kwalekwalen da ke ƙetarar da mutane, in isa da hantsi, in ba dabino da lalle da magaryar tsakar gida ruwa, sannan in sa farar riga in tsaya ina zuba wa Turawa gahawa ina ba su tarihi. Shugabarmu wata dattijuwa ce 'yar Indiya, Khairunnisa, ta yi aikin zanen gine-gine har ta yi ritaya. Ko ganye ka tsinka sai ta sani.

Gidan shekararsa ɗari da 'yan kai. Ki ga yadda baƙi suke sassauta murya in sun shiga, sai ki ce masallaci. Ni kuwa ina tsaye da butar gahawa ina cewa a raina, turmin da aka daka mini fura ina yaro ya girmi gidan nan.

Shi ya kawo ni ga dalilin wasiƙar. Sharfuddeen ya ce kin buɗe Gidan Malam Muhsin ga baƙi. Gidanmu, Yaya Sa'a! Wanda Kawu Dikko yake cewa ya shekara ɗari biyar, in akwai baƙo a zaure ya koma ɗari bakwai. Da gaske ne? Wa yake zuwa? Rijiyar lambu tana da ruwa har yanzu? Rumman ɗin bayan rijiya fa, wanda kika tura ni in hau, da aka kama ni kika rantse ba ki san ni ba? Wani lokaci ina cikin ba lallen Larabawa ruwa sai ƙanshinsa ya buge ni, in tsaya da tiyo a hannu har ruwa ya cika mini takalmi.

Ki rubuto mini komai, kada ki taƙaita kamar kina gyara jarrabawa. Ki gaida Kawu.

Taubashinki,
Zainul Abideen

*

Kano
2 ga Fabrairu

Zainu, ɗan Dubai,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, muna lafiya, gwiwa tana gaishe ka. Allah ya sawwaƙe hawan jinin. Rumman kuwa ni ban tura kowa ba, kwaɗayinka ne ya hau da kai.

Gaskiya Sharfuddeen ya faɗa maka. Tun da na bar koyarwa nake kallon gidan yana zubewa a hankali. Bara na tara mutane muka gyara abin da za mu iya: tsofaffin malamai abokan aikina huɗu, matan unguwa da suka karɓi lambu, da wasu ɗalibai masu karatun gini a jami'a, shugabarsu wata yarinya Aishat mai bakin tsiya da hannun aiki. Asabar ɗin farko ta kowane wata muke buɗewa. Mu ba mu da farar riga. Ana shimfiɗa tabarma a zaure, a dama kunun tsamiya, wanda ya zo ya sha, a zaga da shi soraye, a ƙare a lambu. Rijiya tana nan da ruwanta. Wancan watan wani tsoho ya zo daga Fagge, ya ɗaga kai ya kalli rufin zaure, ya zauna ya yi ta hawaye. Ya ce irinsa ne a gidan ubansa, yanzu wurin shagon taya ne.

To ga inda abin yake. 'Yan gida da yawa so suke a rushe gaban gidan a yi shaguna. Baffa Dikko, wanda kai kake ce wa Kawu, shi ya tare su. Ya ce a bar ni da haukata daminar bana. In gidan ya fita damina a tsaye, ba mai ƙara tayar da maganar. In wani sashe ya faɗi, shi kansa ba zai iya riƙe su ba.

Ka san ginin ƙasa ba ya fita damina sai an yi masa yaɓe. Ka tuna yadda ake yi muna yara? Bayan sanyi a kawo jar ƙasa a jibge a ƙofar gida, a zuba ciyawa, a jiƙa, a bar ta ta kwana bakwai tana wari. Ranar gayya duk wanda ya taɓa shan ruwan rijiyarmu sai ya zo, har waɗanda ba sa ga maciji da juna. Maza su naɗe wando su taka ƙasa, mata su dafa dambu a tukwane uku. Kai kana shiga don a ce ka yi, ka fito da ƙasa har cikin kunne. Daga baya a bi bango da makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da yake sa shi ya yi duhu yana ƙyalli.

Malam Ɗalhatu magini yana nan, shi kaɗai ya rage da ya san gidan ciki da bai. Ya tsufa ƙwarai, tsani sai an riƙe masa. Ɗalibai suna da zuciya amma ba su da yawa. 'Ya'yan gidan kuwa kowa ya watse, wani Abuja, wani Legas, wani yana zuba wa Turawa gahawa. Bana ban san inda zan samo ƙafafun taka ƙasa ba. Bayan ƙaramar salla za mu fara. Na faɗa maka ne don ka sani.

Yayarka,
Halimatus Sa'adiya

*

Al Karama
20 ga Fabrairu

Yaya Sa'a,

Salamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya, Allah ya kai mu azumi da rai. Ni ƙalau.

Na karanta takardarki sau uku, na ukun a cikin jirgin ƙasa na metro har na wuce tashata. Dambun nan na gayya na ji shi a bakina. Amma da na kai wurin ƙafafun taka ƙasa sai na ce, ashe har yanzu muna nan inda Malam Muhsin ya bar mu. Shekara ɗari biyar, ko bakwai, muna shafa wa bango ƙasa, ruwa yana wankewa, muna sake shafawa. Na karanta littattafan tarihi ba kaɗan ba, ban ga al'ummar da ta kai mu haƙuri da aikin da ba ya ƙarewa ba.

Ki kwantar da hankalinki, na gama miki da matsalar. Ranar Lahadi na je Al Warsan, inda manyan rumbunan kaya suke. Akwai wani fenti da ake shafa wa rufin gidaje a nan. In ya bushe sai ya zama kamar fatar roba, ruwa ko ɗigo ba ya ratsa shi. Mai sayarwa ya shafa shi a kwali, ya zuba ruwa a ciki, ya miƙo mini. Ya ce, "Habibi, shekara ashirin, khalas, an gama. Ka manta da ruwan sama." Na tambaye shi ko yana kama ƙasa, ya ce ko a jikin raƙumi aka shafa zai kama. Har na zaɓi mai launin jar ƙasa don kada ya ɓata wa gidan fuska.

Bokiti goma sha biyu na saya, sun shiga kwantena jiya. In Allah ya kiyaye hanya, ƙarshen Afrilu suna Kano. Na rubuta sunan Kawu Dikko a kai, tunda shi ne babba, kada a ce na tsallake shi. Mutum uku da burushi sun isa. Malam Ɗalhatu ya huta, gwiwarki ta huta, 'yan shaguna su nemi wani wurin.

Ba sai kin gode mini ba. In kin matsa, ki ajiye mini rumman biyu.

Naki,
Zainu

*

Al Karama
6 ga Mayu

Yaya Sa'a,

Salamu alaikum. Lafiya kuwa? Azumi ya zo ya wuce, salla ta wuce, ko layi ɗaya ban gani daga gare ki ba. Sharfuddeen ma ya ɓace. Na ce ko fushi kike, na rasa laifina, don ni a sanina sai yabo nake jira. Wannan takardar wani fasinja na roƙa ya kawo miki hannu da hannu. Ki karanta ta a tsaye, kada ki bari sai kin idar da wani abu.

Kada a shafa fentin nan. Ko bokiti ɗaya kada a buɗe.

Asabar da ta wuce muna shan shayi bayan baƙi sun tafi, na ga dama ta samu in nuna wa Khairunnisa cewa mu ma muna da tsohon gida, kuma ni ne na cece shi. Na nuna mata hoton bokitan. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

Ta ce, "Malam Zain, gidan naku da me aka gina shi?"

Na ce, "Da ƙasa."

Ta ce, "Kana ƙin gidan ne?"

Ta kama hannun rigata kamar ɗan makaranta ta kai ni bayan gidan, wani lungu da ba ma nuna wa baƙi. Ta ce shekarun baya wasu masu son gidan sun lulluɓe bangon nan da siminti don su kare shi. Irin wannan bango yana shan danshi daga ƙasa yana fitar da shi ta jikinsa. In ka toshe masa jiki, danshin ba ya da hanyar fita. Ruwa kuma ko ta tsaga kamar gashi sai ya shiga. Daga waje za ka ga bango sumul, ciki kuwa ya zama kunu. Ta ce nasu na dutsen teku ne ma ya ruɓe haka, balle na ƙasa, balle a garin da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wata da watanni ina ba Turawa tarihin gidan nan, ban taɓa tambayar me ya sa lungun yake a rufe ba.

Nan take na kira Kawu. Ga yadda muka yi, don ki san inda aka tsaya.

Na ce, "Kawu, kayan nan da na aiko, don Allah kada a yi amfani da su. Ba su da kyau."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Zainu. Sun iso, mun gani."

Na ce, "Kawu, da gaske nake. Ba abin kirki ba ne. Kuskure na yi."

Ya yi dariya ya ce da na kusa da shi, "Kun ji ɗan halak. Bokiti goma sha biyu tun daga Dubai, yana cewa ba abin kirki ba ne. Haka uwarsa take, ta kawo maka rago ta ce ga ɗan tsuntsu."

Na ce, "Wallahi Kawu zai rushe bango!"

Ya ce, "Kai, bar rantsuwa a kan kyauta. Mun karɓa, mun gode. Kunyarka ta yi yawa."

Ya kashe waya yana sa mini albarka. Sau uku na sake kira, duk lokacin da na ƙara kushe fentin sai darajata ta ƙaru. Ke kin san tarbiyyar gidanmu: ba a yabon abin da aka bayar, sai a ce ba yawa, a yi haƙuri da shi. Yau ga shi ina faɗin gaskiya tsirara, an ɗauke ta ladabi.

Ke kaɗai za ki iya tsayawa a gabansa. Ki nuna masa wannan takardar. Ki ce masa ɗan da yake yabo jaki ne mai tabarau.

Zainu

*

Kano
25 ga Mayu

Zainu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ba fushi nake ba, ko da yake yanzu ina da dalili.

Na ba ka amsa tun uku ga azumi. Takardar tana aljihun Sharfuddeen, shi kuma bizarsa ta maƙale, yana Kano yana zaga ofisoshi, kunya ta hana shi gaya mini. Abin da na rubuta a ciki gajere ne. Na ce kada ka aiko da komai. Da na ce ban san inda zan samo ƙafafu ba, ƙafafunka nake nufi, Zainu. Shekara tara rabonka da gida. Na ɗauka mai karatu irinka zai gane ba sai na tsuguna na roƙe shi ba.

Takardarka ta gaggawa ta same ni kwana huɗu bayan an buɗe bokiti.

Ranar da kayan suka iso, Baffa ya sa aka jera su a ƙofar gida har la'asar don unguwa ta gani. Ya ce an gama wahalar gayya. Mutanen da na sha wuya na tara, rabinsu suka ce to alhamdu lillahi, suka koma harkokinsu. Wa zai taka ƙasa bayan Dubai ta yi magana? Malam Ɗalhatu ya buɗe ɗaya, ya sa yatsa, ya shinshina, ya goge a ƙasa.

Ya ce, "Alhaji, wannan ba abincin bango ba ne."

Baffa ya ce, "Ɗalhatu, ka taɓa zuwa Dubai?"

Ya ce, "A'a. Su sun taɓa zuwa nan?"

Zaure da manyan soraye sun tsira, kuma ba wayona ba ne. Aishat ce da 'yan'uwanta suka yi sammako suka fara yaɓa ƙasa a zaure kafin masu burushi su zo, ɗanyen yaɓe kuwa ba ya karɓar fenti. Malam Ɗalhatu ya sa aka jingina masa tsani, ya hau mataki uku ya zauna, ya ce duk mai son shafa wa zauren nan roba sai ya fara shafa masa. Haka muka bi soro bayan soro, mu goma sha ɗaya, kwana goma sha shida. Ni ma na taka ƙasa, da wannan gwiwar.

Amma Baffa ya ce ba za a wulaƙanta kyautar yaro ba. Ya ce a fara da inda ya fi dacewa da kai. Ɗakin Uwa, kakarka, na kusurwar gabas kusa da lambu, inda ta riƙe ka tun kana shekara shida har ka tafi makarantar kwana. An shafe shi ciki da waje har rufi, shafi uku. Don ya girmama ka ya yi. Yana tsaye da sandarsa yana cewa, "Ku cika masa, ɗakin kakarsa ne."

Na karanta masa takardarka, har wurin jakin. Ya ce kai da ni taubasai ne, ba a ɗaukar maganarmu. Na ce a bar mu mu kankare, ya ce sai bayan ransa. Gaskiya ɗakin ya yi kyau a ido. Masu leƙowa kallon aikin sun fi ɗaukar hotonsa a kan zaure.

An yi yayyafi sau biyu. Ka san daga gabas ruwanmu yake zuwa.

Yayarka,
Sa'a

*

Al Karama
12 ga Yuli

Yaya Sa'a,

Salamu alaikum. Ina gaida ke, ina gaida gwiwar da ta yi aikin da ƙafata ya kamata ta yi. Ni lafiya. Zafi a nan ya kai inda ba a buɗe gidan sai da yamma, ruwan tiyo ma sai na bar shi ya huce kafin in ba shuka.

Na nemi hutu, sun ce sai Nuwamba, yanzu lokacin kaya ne. Na sa garin Kano a wayata, kullum da safe kafin in duba saƙon ofis sai na duba ko za a yi ruwa a can. Mutumin da ya taso yana rawa in hadari ya haɗo, yau ga shi yana jin haushin girgije daga nisan duniya.

Tun da na karanta takardarki zuciyata take cikin Ɗakin Uwa. Gadon ƙarfe a hagu, da jeren tasoshinta har kusa da rufi. 'Yar tagar da ke kallon lambu, wadda kaina kaɗai ke shiga. In an yi ruwa da rana sai ta tura ni in ga ko indararo yana zuba, in ya toshe in zura kara. Bayan ruwa ɗakin yakan yi wani ƙanshi, ƙasa da turaren wuta da man shanu, ban sake jin irinsa ba ko a kasuwar turare ta Deira, kuma na nema. A jikin bangon gabas akwai wata 'yar alkuki inda take ajiye fitila da allona. A nan na koyi karatu, ina kwance rub da ciki, tana kaɗi tana gyara mini, ita da ba ta san baƙi ko ɗaya ba, da ka kawai ta haddace. Takan shafa bangon da tafin hannu in ta shigo, kamar yadda ake shafa wuyan akuya. Ban taɓa tambayar ta dalili ba.

Kin yi gaskiya, na gane abin da kike nufi tun karatun farko. Sayen bokiti ya fi mini sauƙi a kan in zo a ga furfurata, a tambaye ni me na tara a shekara goma sha tara.

Khairunnisa ta ce in Kawu ya hana kankarewa, a huda fentin daga gindin bango, ƙananan huji da yawa, ko danshi zai samu hanya. Ta ce ba ta yi alkawarin komai ba. Ki gwada in ya tafi masallaci. Kuma don Allah kada a bar kowa ya shiga ɗakin, baƙo ko ɗan gida.

Naki,
Zainu

*

Kano
9 ga Satumba

Zainu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Na fara da wannan don ka saki numfashi: ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Ɗakin Uwa ya faɗi ranar Talata, sha tara ga Agusta, bayan azahar.

Mun yi hujin da kuka ce, ni da Aishat, da tsinken saƙa. Ruwa ya riƙa tsattsafowa ta ciki kamar hawaye, amma an makara. Tun farkon Agusta bangon gabas ya yi ciki. In ka danna shi da yatsa sai ya lotsa ya dawo. Na sa igiya na tare hanyar, karon farko da aka hana baƙo taɓa wani abu a gidan nan. Ranar an kwana biyu ana ruwa. Muna zaure da Malam Ɗalhatu sai muka ji kamar an sauke buhu daga mota, ba ƙara sosai. Da muka je, bangon ya zauna, rufi ya biyo shi, azara a tsaye cikin taɓo. Fentin kuwa bai yage ba, yana kwance a kai kamar zanen da aka shanya. Mai kantinku bai yi ƙarya ba, ruwa bai ratsa shi ba.

Zaure da sorayen da muka yaɓa ko gezau.

Kafin magariba 'yan shaguna sun cika gidan, har da wanda ya zo da ma'auni a aljihu. Suka ce sharaɗi ya cika, sashe ya faɗi. Baffa ya zo da sandarsa, ya daɗe a tsaye a kan ɗakin. Ya sa sandar ya ɗaga fatar fentin, ya ga abin da ke ƙasa. Sannan ya wuce zaure, ya manna tafinsa a bango, ya juyo.

Ya ce, "Na ce in damina ta kayar da wani sashe. Wannan ba damina ba ce, ni ne. Yaron ya kira ni sau huɗu yana rantsuwa, na ce kunya ce. Wanda zai rushe gidan nan ya jira in mutu, ba zai daɗe yana jira ba."

Mai ma'auni ya ce, "Amma Baffa..."

Ya ce, "Ɗalhatu, ƙasa nawa kake so?"

Shi ke nan maganar shaguna, aƙalla muddin yana numfashi. Ya ce in gaya maka ya yafe maka, kai ma ka yafe masa. Bokiti bakwai da suka rage ya ba masu gyaran tankin masallaci, an ce a can suna aiki sosai.

Malam Ɗalhatu ya ce ba za a sayo ƙasa ba. Wadda ta faɗi ita ce ta san wurin, ita za a jiƙa a yi tubali a mayar da ɗakin in ruwa ya ɗauke. Sai dai fentin ya farfashe a cikinta da muka kwashe, kuma ko ɓarɓashi aka bari zai hana tubali kamawa. Dole a bi ta da hannu a tsince. Asabar ɗin da ta wuce haka muka buɗe gidan, da tulin ƙasa a bakin lambu. Baƙi suka tambaya, muka faɗa musu gaskiya, ban ɓoye sunanka ba. Wasu suka naɗe hannun riga suka zauna tsinta. Tsohon nan na Fagge tun safe har la'asar bai tashi ba.

Mun raba tulin gida uku. Mun gama biyu. Na ukun na sa an rufe shi da tabarma, na ce kada wanda ya taɓa, ko da za a kai baɗi. Nuwamba ka ce. Ka zo da tsohon wando, kuma kada ka riƙo mana tsaraba.

Yayarka,
Halimatus Sa'adiya